Inda dogo ya ƙare: tashar jirgin Ƙaura Namoda da batun sa ƙarfe ya yi magana

Wannan makon gida muka dawo, kuma maganar ƙarfe za mu yi.

Duk wanda ya ɗauki taswirar layin dogo ta Najeriya zai ga wani reshe da ya ɓalle daga Zariya ya miƙa arewa maso yamma. Ya ratsa Funtuwa, ya bi ta Tsafe, ya shiga Gusau, sannan ya zo ya tsaya cak a Ƙaura Namoda. Tsawonsa kimanin kilomita 220 ne, kuma a shekarar 1929 ya iso mana. Daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba. Bai kai Shinkafi ba, bai leƙa Zurmi ba, bai je Sakkwato ba, balle ya tsallaka Jamhuriyar Nijar. Mu ne ƙarshen dogo. Yau in ka tara 'yan sakandare a Ƙaura ka tambaye su wa ya taɓa jin kukan jirgi a garin nan da kunnensa, sai dai su dubi juna.

Garin ya girmi jirgi nesa ba kusa ba. Sunansa ma na mayaƙi ne, wato Namoda, jarumin Alibawa da ya yi fice a yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, kuma dangantakar gidan sarautar Ƙaura da na Zurmi daga wannan tsatso take. Kafin Bature ya zo, fatake na bi ta ƙasar nan da jakai da raƙuma, ana noman shinkafa a fadamun Shinkafi, ana saƙa, ana rini, ana jima, maƙera na ƙera garma da takobi. Don haka jirgi bai tarar da mu a kwance ba. Abin da ya yi shi ne ya juya akalar cinikinmu. A da fuskarmu na kallon Katsina da Gobir da Azbin, sai ya juya ta zuwa bakin teku.

Ga yadda abin ya faro. An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuma aka taso da wani daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma guda. Turawan Manchester, waɗanda suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA tun 1902, sun sa rai dogon Kano zai cika masaƙunsu da audugar ƙasar Hausa. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta. Audugar da Bature ke nema sai ya same ta a yankin Zariya da kudancin Katsina da gabashin lardin Sakkwato, wato ƙasar Funtuwa zuwa Gusau. Can aka kakkafa injinan gurzar auduga, can kuma aka bi da sabon reshe. Wanda ya dubi hanyar da dogonmu ya bi, ya san auduga da gyaɗa ya biyo.

Shekarar da ya iso Ƙaura ita ce shekarar da kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Reshen Kano zuwa Nguru ya samu ya kammala a 1930, daga nan ba a sake wani dogon shimfiɗi a Arewa ba sai na Barno, wanda aka fara a 1958 ya kai Maiduguri a 1964. Maganar miƙa namu zuwa Sakkwato kuwa, tun kakanninmu ake yin ta, har gobe ana yi.

Akwai abin da ba mu cika faɗa ba in ana yabon jirgi. Ba inji ne ya shimfiɗa dogon Arewa ba. Mutane ne, da diga da shebur da kwando a ka. A aikin Baro zuwa Kano an tabbatar cewa ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane ana kai su, ko suna so ko ba sa so. Harajin da aka ce sai da kuɗin Bature za a biya shi ma wata igiya ce: ita ta ja talaka zuwa lebura, ita ta ja shi ga shuka gyaɗa. Duk tarihin masana'antu da ya tsallake wannan babi, rabin labari ya bayar.

To amma da jirgin ya zo, ya zo da duniya guda. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da GBO suka riƙa kafa kantuna da sikeli a tashoshin layin. Kaka na yi, ayarin jakai da raƙuma da takarkarai sai su kama hanya daga Zurmi, daga Shinkafi, daga Isa da Moriki, har daga ƙasar Faransi, kowa da buhunansa. Akawu na awo, dillali na ciniki, 'yan dako na lodi a tarago. Gyaɗa, auduga, ƙiraga, da fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take isa gare su. A dawowa jirgi ya sauke gishiri, kananzir, atamfa, kwanon rufi, goro. Yarbawa da Ibo da Nufawa suka zo aikin reluwe da kasuwanci, wasu suka zauna har suka haifi 'ya'yan da ba su san wani gari ba sai wannan. Gusau, wadda kayan Sakkwato ke sauka a tasharta kafin a ɗora wa mota, ta bunƙasa har ta sami masaƙa a shekarun 1960, kuma a 1996 da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara ita ta zama babban birni.

Mu ɗan tsaya a kan shi kansa kan jirgin, don shi ne abin kallo. Jirgin da ya fara zuwa mana mai tururi ne. A bayansa akwai ma'ajiyar kwal da ruwa. Mutum guda aikinsa ke nan, ya riƙa ɗibar kwal da shebur yana watsawa a murhu. Zafin wutar na bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa wata doguwar tukunya cike da ruwa, ruwan ya tafasa ya zama tururi. Tururin da aka matse ya rasa mafita sai a buɗe masa ƙofa zuwa cikin silinda, ya tura fistin gaba, a rufe nan a buɗe can, ya sake turo shi baya. Wannan kai da komo shi sandunan ƙarfen da ke gefen jirgi ke mayarwa juyawar ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ya fita ta bututun hayaƙi, yana fita yana jawo iska cikin murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Wannan fitar ita ce "cuku-cukun" da tsofaffi ke kwaikwaya. Babu abin da ke ɓoye. Yaro na tsaye a bakin tasha yana ganin dalili da sakamako da idonsa.

Kwal ɗin kuwa daga Inugu yake. An gano shi a 1909, aka shimfiɗa dogo daga Fatakwal don fitar da shi, kuma kafin a gama gadar Makurɗi a 1932 a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragai a kogin Binuwai. Ku duba nisan: wutar da ta ja gyaɗar Zurmi, mahaƙin Inugu ne ya haƙo ta. Ma'aikatan reluwe ne ma suka zama ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi suna a cikinsa.

Faɗuwar ba dare ɗaya ta zo ba. Tun 1953 Faransawa suka fito da wani shiri na karkatar da kayan Nijar ta Parakou zuwa tashar ruwan Kwatano, don rage dogaro da hanyar Najeriya. Titunan kwalta suka yawaita, manyan motoci suka ƙwace lodi. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Jirgin da ba shi da kaya ba shi da gata. Sabbin layukan da ake yi yanzu ma faɗinsu daban ne: namu ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Katsina da Jibiya zai bi. Cinikin Nijar da Ƙaura ta taɓa ci, ta gefenmu zai wuce.

To me za a yi da tashar da jirgi ya daina zuwa? A nan ne muke so mu leƙa waje, don ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba.

Birnin Nantes na Faransa ya rayu a kan ƙera jiragen ruwa, har ma'aikatar ƙarshe ta rufe a 1987, aka bar rumfuna da ƙugiyoyin lodi suna tsatsa. Bayan shekara ashirin, a 2007, wasu masu fasaha biyu, François Delarozière da Pierre Orefice, suka buɗe wani wuri a cikin rumfunan nan. Abin da ya fi jan jama'a shi ne giwa ta ƙarfe da katako mai tsayin mita 12, wadda ke tafiya, tana kaɗa kunne, tana fesa ruwa da hancinta a ɗage, tana ɗauke da mutum kusan 50. Hikimar da ke ciki ita ce ba a rufe cikinta ba. Ana ganin bututun mai, ana ganin gaɓoɓin ƙarfe, ana ganin direba. Har an yi wani dandamali a sama da baƙo zai tsaya ya kalli masu walda da kafintoci suna ƙera na gaba. Yaro ya zo kallon giwa, ya koma gida ya san a wannan fili kakanninsa suka ƙera jirage.

A Birmingham ta Ingila kuma, a bikin buɗe wasannin Commonwealth na 2022, an fito da wani bijimin ƙarfe mai tsayin mita 10, yana tafiya yana huci. Mata ne suka jawo shi da sarƙoƙi, don tunawa da mata maƙeran sarƙa na Cradley Heath da suka yi yajin aiki a 1910 kan ƙarancin lada. Da farko an shirya a wargaza shi bayan wasanni, jama'a suka ƙi, yanzu yana tsaye a cikin babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin. Mun kawo wannan ne musamman saboda bai ɓoye wahalar ma'aikata ba. A nahiyarmu ma, a Kinshasa, wata injiniya mai suna Thérèse Izay Kirongozi ta ƙera dogayen mutum-mutumi masu ba da hannu a titi tun 2013, da hasken rana suke aiki.

Mun san abin da ke zuciyar wasunmu, kuma ba za mu kauce masa ba: surar abu mai rai. Magana ce ta malamai, kuma muna girmama ta. Abu biyu kawai za mu ce. Na farko, sana'ar sa ƙarfe ya yi motsi don ya koyar ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir su uku sun rubuta littafin na'urori kusan ɗari a Bagadaza a ƙarni na 9. Isma'il al-Jazari ya kammala nasa a 1206 yana hidima ga sarakunan Diyarbakir, ya bayyana na'urori 50 dalla-dalla yadda wani zai iya ƙerawa: agogon ruwa, injin ɗebo ruwa, na'urar zuba ruwan wanke hannu. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, labarinmu bai ma bukatar giwa ko mutum. Jaruman labarinmu su ne kan jirgi, sikeli, sigina da injin gurza. Babu mai rai ko ɗaya a cikinsu.

Kuma wa ya ce ba mu da masu yi? Wanene a cikinmu bai taɓa feƙe kara ya haɗa mota ba, ko ya yanka gwangwanin madara da tsohon silifa ya yi tayoyi, ya ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari? Wannan shi ne darasin injiniyanci na farko da ɗan Bahaushe ke ɗauka, ba malami ba allo. Ku dubi masu walda da ke haɗa injin sussuka da na markaɗe daga tarkacen mota, da masu gyaran injin ban ruwa a fadamun Shinkafi, da yaran da ke buɗe waya su canja abin da ido da ƙyar yake gani. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya zaune a Ƙaura Namoda tun 1983, ɗalibanta na injiniyanci kowace shekara sai sun ƙera wani abu kafin su fita. Gari ɗaya ya haɗa ƙarshen dogo da makarantar injiniyoyi. A ganinmu abin kunya ne a ce waɗannan biyun ba su san juna ba.

Abin da muke hange ba na biliyoyi ba ne. A ɗauki misali da kan jirgi mai girman amalanke, a ƙera shi da tsohon ƙarfe, a yanke gefe guda na silinda yadda za a ga fistin. A maimakon wuta da tururi, waɗanda ke da haɗari ga yara, a sa ƙaramar mota ta lantarki da faifan sola. Yaro ya danna maɓalli, sanduna su fara kai da komo, ƙafafu su juya, lasifika ta saki muryar wani tsohon ma'aikacin reluwe yana ba da labarin yadda ake shayar da jirgi ruwa. A gefe a ajiye sikeli irin na kanti, yaro ya ɗora buhu, allo ya nuna masa nauyi, a bayyana masa yadda ake yi wa manomi ƙwange a awo da yadda zai gane. A yi ƙaramin injin gurza mai murfin gilashi, a sa masa auduga a ga yadda zarto ke raba ta da gurya, a ajiye dutsen gurza da ƙarfen da iyayenmu mata ke amfani da su kusa da shi, kowa ya gwada da hannunsa. A yi hannun sigina da ke ɗagawa da kansa in ƙaramin jirgi ya taka wata waya. Wanda ya haɗa wannan na ƙarshe ya riga ya koyi tushen duk wata na'ura mai sarrafa kanta: ta ji, ta yanke shawara, ta motsa.

Kuma kada a kulle su a ɗaki. Ɗakin tarihi mai ƙofa da mai gadi ba ɗabi'armu ba ce, mu mutanen kasuwa da dandali ne. A yi su yadda za su hau bayan a-kori-kura, a kai su makarantu, a kai su filin Idi bayan an sauko, a kai su kasuwar Shinkafi da ta Zurmi, tunda gyaɗar can ce ta cika taragan nan. Akwai ƙaramin gidan tarihin reluwe a Ebute Metta ta Ikko, a gidan da ake kira Jaekel House, yana da hotuna da tsofaffin kayan aiki, amma ɗan Moriki nawa ne zai je Ikko kallon hoto?

Wani zai ce, ana ta rai wa ke ta kayan wasa? Gaskiya ne. Babu wanda ke cikin wannan zaure da bai san abin da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura suka gani ba. Mun ga lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a 2021. Akwai hanyoyin da ko da rana sai da addu'a. Ba za mu ce jirgin gwangwani zai kori ɗan bindiga ba. Amma yaran da aka raba da ƙauyukansu suna nan cikin garuruwan nan, da yawa ba makaranta ba sana'a, kuma abin da suka buɗe ido suka gani na ƙarfe mai ban sha'awa shi ne bindiga da babur. In aka nuna musu wani ƙarfen, aka ce kakanka ne ya shimfiɗa wannan, ga yadda yake aiki, zo ka riƙe sufana, ba ɓata lokaci aka yi ba.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Tsohon ƙarfe yanzu kuɗi ne. A sassa da dama na ƙasar nan an sha kama motoci maƙare da ƙarafan dogo da aka kwance za a kai kamfanonin narka. Abin da ya tsira daga tsatsa shekara casa'in yana iya ɓacewa a dare ɗaya. Su ma mutanen haka: wanda ya yi aiki da jirgin tururi yana saurayi, yau ya haura saba'in ko tamanin.

Saboda haka aikin farko ba na walda ba ne. Filin tasha da duk ƙarfen da ke cikinsa mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, kuma ba wanda ke da ikon ɗaukar ko ƙusa ba da izininta a rubuce ba. Wannan takarda ce da masarauta da ƙaramar hukuma da kwalejin za su iya nema tare. Amma ɗaukar hoto da ɗaukar murya ba sa jiran kowa. Wanda ke Ƙaura ya zagaya ya ɗauki abin da ya rage, har da rubutun da ke jikin ƙarafa, don sau da yawa akwai sunan kamfanin da ya ƙera da shekara. Wanda ke da kaka ko kawu da ya yi direba, ko gyaran dogo, ko akawun kanti, ko dako, ko ya taɓa koro jakai daga Zurmi zuwa bakin sikeli, ya zauna da shi ya kunna waya, bayan ya nemi yardarsa. A tambaye shi kwana nawa ake yi a hanya, a ina ake yada zango, wace rana jirgi ke shigowa, nawa ne kuɗin zuwa Zariya. Wanda kuma ya ci karo da tsohon tikiti ko rasiɗin awo a cikin adakar gida, kada ya bari a kunna wuta da shi. Ya ɗauki hotonsa gaba da baya ya ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu.